Idan motar da ba ta da inshora ta buge mutum a hanyar Ɗan Kassari, wa zai biya?

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso da Dogondutsi ta nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, ta ratsa ta Ɗan Kassari a ƙasar Arewa. A kan wannan kwalta ɗaya manyan bas-bas na kamfanonin sufuri ke gudu, da tireloli, da motocin kasuwa da aka yi wa lodi har sama. A gefenta kuma ga 'yan kabu-kabu, ga amalanken shanu da na jakuna, ga mata da yara masu tafiya a ƙasa daga ƙauyukan da ke kewaye.

Duk inda aka haɗa masu gudu da masu tafiyar hawainiya a hanya ɗaya, haɗari ba ya nisa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci.

Sai dai ga iyalan da abin ya shafa, wahalar ba ta ƙarewa a bakin titi. Bayan an kai mai rauni asibiti, ko an dawo daga maƙabarta, sai tambayar kuɗi ta taso. Sau da yawa a nan ne direba zai sunkuyar da kai ya ce takardarsa ta inshora, wadda a Nijar aka fi sani da asirans, ta ƙare tun watannin baya, ko kuma bai taɓa yanka ba.

Da yawa na ɗauka cewa daga nan magana ta ƙare, sai haƙuri. Doka ba ta ce haka ba. Rashin inshora ba ya kashe haƙƙin wanda aka buge. Abin da ya fi kashe shi shi ne rashin takarda, da gaggawar rufe magana a kwanakin farko.

Dokar da ke aiki

Nijar ba ta da dokar inshora ta kanta ita kaɗai. Tana cikin ƙungiyar CIMA, wadda ta haɗa kasuwannin inshorar ƙasashen Afirka 14, galibinsu masu amfani da Faransanci, ciki har da Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi da Kamaru da Senegal. An sanya hannu kan yarjejeniyar kafa ta a Yaounde ranar 10 ga Yulin 1992, kundin dokokinta ya fara aiki a Fabrairun 1995, hedikwatarta kuma tana Libreville a Gabon. Ficewar Nijar daga CEDEAO, wato ECOWAS, a Janairun 2025 ba ta shafi wannan kundi ba, domin ƙungiyoyin biyu daban suke.

Sashe na 200 na kundin ya wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya yanki inshorar da za ta biya wasu idan ya yi musu ɓarna. Babur yana ciki, haka ma keken adaidaita. Ita ce mafi ƙanƙantar inshora, kuma ba ta gyara motar mai ita, ba ta kuma biyan direban kansa. Domin wanda aka buge aka yi ta.

Kundin ya karkata sosai ga wanda ya ji ciwo. Sashe na 228 ya ce duk wanda ba shi ke tuƙa abin hawa mai inji ba, kamar mai tafiya a ƙasa da fasinja da mai keke, za a biya shi raunin jikinsa ko da shi ma ya yi sakaci, sai fa idan da gangan ya nemi abin ya same shi. Saboda haka cewa "ai shi ya shigo titi bai duba ba" ba hujja ce ta hana shi diyya ba. Direba ne kawai laifinsa ke iya rage masa diyya ko ya hana shi gaba ɗaya.

A fara tabbatarwa: da gaske babu inshorar?

Kafin iyali su yanke ƙauna, ya kamata su san cewa akwai yanayi da dama da mutane ke ɗauka babu inshora, alhali kamfani na nan kuma dole ya biya.

Na farko, idan motar na da inshora amma wanda ke tuƙi ba shi da lasisi, wato parmi, ko kuma yaron mota ne ya ɗauke ta ba da izinin maigida ba. A tsarin CIMA kamfanin ba zai fake da wannan ya hana wanda aka buge haƙƙinsa ba. Zai biya, daga baya ya bi mai laifin ya karɓi kuɗinsa.

Na biyu, idan motoci biyu suka yi karo. Sashe na 268 ya ɗora nauyin fara gabatar da tayin diyya ga fasinja a kan kamfanin da ya yi wa motar da fasinjan ke ciki inshora. Ke nan idan wata tsohuwar akori-kura marar takarda ta afka wa bas mai inshora tsakanin Dutsi da Ƙonni, fasinjojin bas ɗin ba sai sun bi mai akori-kurar ba. Ƙofar kamfanin inshorar bas ɗinsu za su ƙwanƙwasa. Shi ya sa tikitin mota, wanda mutane ke yarwa da zarar sun zauna, ke zama shaida mai daraja ranar da abu ya faru.

Akwai kuma akasin haka: takardar da ke manne a gilashin mota amma ba ta da amfani. Tun 2011 aka gyara sashe na 13 na kundin, aka ce inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Wanda ya karɓi takarda bashi a hannun wani ɗan kamasho a tasha, ko ya sayi ta bogi don ya wuce shingen jandarmomi, a idon doka daidai yake da wanda ba shi da komai. Haka nan wanda ya sayi motar hannu ya ci gaba da yawo da takardar tsohon mai ita, domin kundin ya ce ana dakatar da inshorar kwana biyar bayan sayar da mota.

Takardar da komai ya rataya a kanta

A ɗauki misalin magidancin da ke dawowa daga kasuwa da yamma a kan amalankensa, mota ta taho ta baya ta buge shi, ƙafarsa ta karye, sa ɗaya ya mutu, amalanken ya ragargaje. Mutane za su taru, a ɗauke shi zuwa asibiti, wasu su ce a kai shi wurin mai ɗori a ƙauye. Direba zai ba da haƙuri, dattawa su shiga tsakani, a janye motar daga titi kafin duhu.

Idan aka watse a haka, an yi asarar abu mafi muhimmanci. A wajen manyan garuruwa jandarmomi ne ke zuwa su auna wurin haɗari, su rubuta lambar mota da sunan direba da na mai motar, su duba takardun mota da na inshora, su saurari shaidu, sannan su rubuta rahoton da ake kira PV. Wannan rahoto shi ne ke tabbatar da cewa haɗarin ya faru, a ina, yaushe, da kuma wace mota. Sashe na 230 ya ce idan an ji rauni, jami'an da suka duba haɗarin za su aika wa kamfanonin inshorar da abin ya shafa kwafinsa cikin wata uku. Idan kuma babu inshora, ko direban ya tsere, a cikin rahoton ne za a rubuta hakan, kuma da shi za a buɗe kowace ƙofa ta gaba.

Takarda ta biyu ita ce shaidar likita ta farko, wadda ke bayyana raunin da aka gani da kwanakin da mutum zai yi bai iya aiki ba. Ana samunta a asibitin gundumar Dogondutsi, ko babban asibitin jiha a Dosso, ko asibitocin Yamai idan an tura marar lafiya can. Mai ɗorin gargajiya, komai ƙwarewarsa, ba ya ba da takardar da kotu ko kamfani za su karɓa. Wanda ya zaɓi ɗorin gida zai fi tsira idan ya fara biyawa ta asibiti aka yi hoton ƙashi aka rubuta masa shaida.

Sai rasiɗai: na magani, na hoto, na gado, na motar asibiti. Sashe na 258 ya ce ana mayar da kuɗin jinya ne idan an nuna takardun shaida, kuma da farashin asibitocin gwamnati ake auna iyakarsa. Idan rai aka rasa, ana buƙatar takardar shaidar mutuwa, da takardun haihuwar 'ya'ya, da takardar kotu da ta fayyace su wane ne magada. A karkara inda aure da haihuwa da yawa ba su shiga rajista ba, wannan mataki kaɗai kan ci watanni, don haka gara a fara shi da wuri a ofishin magajin gari da kotu.

Yau da kusan kowane matashi ke riƙe da waya mai kyamara, hoton lambar mota da na takardar da ke gilashinta, da hoton yadda motocin suka tsaya kafin a janye su, da lambobin wayar shaidu biyu ko uku, aikin minti biyar ne da zai iya ceton shari'ar shekara guda.

Asusun da doka ta tanada

Waɗanda suka tsara kundin CIMA sun san cewa za a samu motoci marasa inshora da direbobin da ke buge mutum su gudu. Shi ya sa sashe na 600 ya tanadi cewa a kowace ƙasa a samar da asusun lamunin haɗarin mota, wanda ake taƙaita sunansa da FGA. Aikinsa shi ne biyan kuɗin jinya da diyyar raunin jiki idan ba a san wanda ya yi ɓarnar ba, ko an san shi amma ba shi da inshora.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a fahimta. Na farko, jikin mutum kawai asusun ke dubawa. Magidancin nan mai amalanke, ƙafarsa ce za ta shiga lissafi; sa da amalanke sai dai ya bi mai motar. Na biyu, kundin ya bar wa kowace ƙasa ta tsara nata asusun da dokokinta na cikin gida, ta ƙayyade iyakar abin da zai biya da inda kuɗinsa zai fito, shi ya sa ƙasashen ba su tafi tare ba. Senegal ta kafa nata tun 1995, Benin da Kodebuwa suka biyo baya shekaru da dama daga bisani. A Nijar, sashen da ke sa ido kan kamfanonin inshora yana ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi a Yamai. Can ne ake kai ƙorafi idan kamfani ya ƙi biya ko yana jan ƙafa, can ne kuma iyali ko lauyansu za su nemi bayani a rubuce kan hanyar da aka tanadar wa wanda mota marar inshora ta buge.

Ko a inda irin wannan asusu ke biya, direban bai tsira ba. Asusun kan maye gurbin wanda aka buge, ya bi mai laifin ya karɓi abin da ya kashe.

Bin direba da mai mota a kotu

Hanyar da ba ta taɓa rufewa ita ce ta kotu. Dokar farar hula ta Nijar, a sashe na 1382, ta ce duk wanda ya jawo wa wani ɓarna da laifinsa dole ya gyara. Sashe na 1384 kuma ya faɗaɗa nauyin zuwa kan mai kula da abin da ya yi ɓarnar, da kuma maigidan da yaronsa ya yi ɓarna a bakin aiki. Wato ba direba kaɗai ake bi ba, har da mai motar, wanda galibi shi ne mai abin hannu.

Idan an ji rauni ko an rasa rai, rahoton jandarmomi na zuwa hannun mai gabatar da ƙara, a kotun Dogondutsi ko babbar kotun Dosso gwargwadon nauyin shari'ar. Wanda aka buge ko magadansa na iya shiga cikin shari'ar a matsayin masu neman diyya, ta yadda alƙalin da zai hukunta direba shi zai yanke abin da za a biya. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya na iya neman taimakon hukumar ANAJJ, wadda aka kafa da dokar 2011 don tallafa wa marasa ƙarfi a harkar shari'a.

Diyyar ba ta ciniki ba ce, kundin CIMA yana da ma'auninsa. Ana duba kwanakin da mutum ya yi bai yi aiki ba idan sun haura takwas, da kason naƙasar da likita ya tabbatar bayan ciwo ya lafa, da raɗaɗin da aka sha, da asarar da iyali suka yi idan mai ciyar da su ne ya rasu. Ga manomi ko ɗan kasuwar da ba shi da takardar albashi, ana lissafi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya tashi daga sefa 30,047 zuwa sefa 42,000, wato jika 42, tun daga Janairun 2024.

Akwai kuma wa'adi. Sashe na 256 ya ba da shekara biyar daga ranar haɗari. Wanda ya wuce haka bai nemi haƙƙinsa ba, ya makara.

Gaskiyar da lauyoyi suka sani ita ce samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Direban da ya kasa yankan inshora sau da yawa ba shi da abin da za a kama. A irin wannan hali motar kanta ce dukiyar da ke gaban ido, don haka iyalin da suka amince aka sake ta tun kafin a rubuta komai sun saki abin da zai sa a saurare su.

Sulhu, yafiya da haƙƙin marayu

A ƙasar Arewa, kamar sauran ƙasar Hausa, mafi yawan irin waɗannan maganganu ba sa isa gaban alƙali. A zauren mai gari ko fadar sarki ake kashe su, kuma dokar Nijar ta amince wa sarakunan gargajiya su yi sulhu tsakanin mutanensu. Sulhu na da amfaninsa: yana da sauri, ba ya cin kuɗi, kuma ba ya ɓata zumunci tsakanin mutanen da gobe za su haɗu a kasuwa ɗaya.

Matsalar ita ce lokacin da ake yinsa. A ranar zaman makoki, da zuciya ta yi laushi kuma jama'a na kallo, da wuya a samu wanda zai buɗe baki ya yi maganar kuɗi. Sai wani babba a dangi ya ce ƙaddara ce, an yafe. Bayan wata shida, matar mamacin da 'ya'yanta ƙanana ne ke fama da abin da za a ci, wanda ya yafe kuma ya koma harkokinsa.

Musulunci bai ɗauki karɓar diyya a matsayin rashin tawakkali ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi maganar diyyar kisan kuskure, ta kuma bar wa iyalan mamaci zaɓin yafewa. A fiƙihu diyya haƙƙin magada ce, ana raba ta kamar gado, ke nan matar mamaci da marayunsa na da kaso a ciki. Kundin CIMA ma ya bi ta wannan layi: sashe na 234 ya ce duk sulhun da kamfanin inshora zai yi da ya shafi ƙaramin yaro sai an gabatar da shi ga masu hurumin ba da izini.

Idan za a yi sulhu, a yi shi bayan an rubuta rahoton jandarmomi kuma likita ya faɗi girman raunin. A rubuta adadin kuɗin da ranakun biya, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Karayar da aka ɗauka ta sati shida ce tana iya zama gurguntar da mutum zai mutu da ita.

Ga waɗanda ke tantama kan halaccin inshora kuwa, CIMA ta amince da tsarin takaful a 2019, wanda aka gina a kan taimakon juna, kuma a Najeriya kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful sun daɗe suna aiki da shi.

Idan motar daga Najeriya take

Ƙasar Arewa na maƙwabtaka da jihohin Kebbi da Sakkwato, kuma motoci masu lambar Najeriya ba baƙi ba ne a wannan hanya. Inshorar cikin gida ta Najeriya, wadda hukumar NAICOM ta ƙara kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga ƙananan motoci a farkon 2023, tun daga lokacin ta haɗa da katin inshorar da aka saba nema a ƙetaren iyaka. Ƙasashen ECOWAS ne suka ƙirƙiro wannan katin inshora mai ruwan ƙasa a Kwatano a 1982, domin motar da ta yi ɓarna a wata ƙasa a samu ofishin da zai biya. Duk wanda motar waje ta buge, ya tabbatar jandarmomi sun rubuta kowace takardar inshora da direban ya shigo da ita, da lambarta da sunan kamfanin, kafin motar ta koma gida. Idan ta tsallaka iyaka ba tare da haka ba, bin sawunta sai wanda ya gani.

Saƙo ga 'yan ci-rani

Mazauna Amurka sun saba da wani tsari inda mai mota ke ƙara wani sashe a inshorarsa, kamfaninsa ya biya shi idan marar inshora ya buge shi. A Ingila akwai hukumar MIB tun 1946, a Faransa kuma akwai asusun lamuni tun 1951. A Nijar wanda ke son irin wannan kariya ga kansa da motarsa sai ya nemi ƙarin sassa a kan inshorar dole: wanda ke gyara motarsa idan an yi karo, wanda ke biyan direba da mutanen da ke ciki, da wanda kamfani ke tsaya masa wajen bin mai laifi. Kamfanoni irin su SNAR-Leyma da SUNU da CAREN da NIA na sayar da inshorar mota a ƙasar.

Sai dai babban abin da ya shafi ɗan ci-rani ya fi wannan kusa. Matasa da yawa da ke Legas ko Kwatano ko Abijan ko Libiya ko Turai kan tara kuɗi su saya wa ƙane babur ko motar haya, ya riƙa juyawa ana cefane. Ana turo kuɗin taya da na gyaran inji ta Nita ko Amana ko Al Izza, amma ba a cika tambayar ranar da asirans za ta ƙare ba. Idan sunan ɗan ci-ranin ne a katin mallakar motar, kuma ƙanen yana yi masa aiki ne, to ranar da aka buge wani, shi doka za ta nema. Filin da ya saya da ginin da ya fara a gida na iya tafiya wajen biyan diyyar da kamfani ne ya kamata ya biya.

Maganin ba shi da wuya. A yanki inshorar a ofishin kamfani ko wurin wakilinsa da aka sani, a biya a karɓi rasiɗi. A faɗi gaskiyar aikin da motar za ta yi, domin motar da aka rubuta ta gida ce amma tana ɗaukar fasinja na buɗe ƙofar gardama ranar biya. A sa ƙane ya turo hoton takardar ta WhatsApp, a ajiye ranar ƙarewarta a waya. Idan kuma tsautsayi ya faru, a sanar da kamfanin cikin kwana biyar.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ga mai mota, gorar ita ce takardar da ya yanka tun kafin ya hau titi. Ga wanda aka buge kuma, ita ce rahoton jandarma da shaidar likita da rasiɗan da wani ɗan uwa mai natsuwa ya tattara a lokacin da kowa ke cikin ruɗani.